Idan na'ura ta ƙi yatsanki ranar biya

Wata Laraba cikin hunturu, a wani ƙauye bayan Mirya ta jihar Damagaram, na shimfiɗa tabarmata kusa da teburin masu biyan kuɗin tallafi. A irin wannan rana ce muke samun mata a wuri guda, mu auna damtsen yara, mu duba katin rigakafi. Wata tsohuwa ta ɗora babban yatsanta a kan ɗan gilashin na'ura, wuta ta nuna ja. Ta sake, ja. Har sau huɗu. Yaron da ke riƙe da na'urar ya ce, "Inna, koma gefe na baya su matso." Ta ƙulle katinta a bakin zane ta kama hanyar gida, tana cewa yau ba rabonta.

Na kira ta na duba hannun. Taɓarya da hauya sun cinye zanen yatsan, ya yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, ga kaushi ya tsattsaga shi. Kuɗinta na nan, sunanta na nan. Na'urar ce ba ta ga abin da za ta karanta ba.

Aikinta ke nan, karatu. Ranar rajista tana ɗaukar hoton layukan da Allah ya zana a yatsa, waɗanda ko tagwaye ba su yin tarayya a kansu, ta ajiye tare da sunan mai shi. Ranar biya sai ta gwada yatsan da aka ɗora da wanda ta ajiye. Ba ta shan jini, ba ta sa ciwo, ba ta hana haihuwa, saɓanin abin da na sha ji a bakin rijiya. Da yawanmu ma mun riga mun ɗora yatsa a rajistar masu zaɓe ta 2020, masu zirga-zirgar Kano kuma sun san BVN, lambar shaida mai haɗe da zanen yatsa ta bankunan Najeriya.

Ba na cikin masu ƙin wannan tsari. Tun 2011 da shirin Filets Sociaux ya soma bai wa gidajen talakawa jaka 10 a wata, wato sefa 10,000, a jihohi biyar har da Damagaram, mutane suka san darajar wannan kuɗi a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kuma duk inda ake rabo da takarda da dangwalen tawada, a kowace ƙasa, ana samun sunan mamaci yana karɓa, ana samun mai suna biyu, ana samun mai karɓar wa wani ya gutsure. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya an gwada biya da kati mai haɗe da zanen yatsa a yankunan da ke da mutum miliyan 19. Masu bincike suka tarar kuɗin da ke zurarewa a hanya, a shirin aikin gayya da gwamnati ke biya, ya ragu da kashi 41 cikin 100, kuma lada na isowa da wuri. A sansanonin ƴan gudun hijirar Siriya da ke Jodan, tun 2016 mutum kan sayi abinci a kanti ya biya da kallon na'ura, ta karanta ƙwayar idonsa.

Sai dai Indiyar ce kuma ta nuna inda gizo ke saƙar. A 2017, a jihar Jharkhand, wata yarinya ƴar shekara 11 ta rasu bayan an soke katin abincin gidansu don ba a haɗa shi da lambar shaida ta Aadhaar ba. Uwarta ta ce yunwa ce ta kashe ta. Hannun da ya fi wahala shi na'ura ta fi ƙi: na manomi, na mai daka, na majemi a Birni, na mai fasa dutse, na tsoho, na wanda kuturta ta taɓa. Su ne kuma aka kawo tallafin dominsu.

To, ga abin da nake gaya wa mata. Ranar rajista kada ki yarda a ɗauki yatsa ɗaya a sallame ki, a ɗauki na hannu biyu. Idan biya ya matso a dakata da ƙunshi, don lalle mai duhu kan rikita na'ura. A wanke hannu a goge. Yatsa in ya bushe ƙayau, a goga shi a goshi ko gefen hanci, ɗan maiƙon wurin ya isa; jiƙa shi sharaf ko laɓta masa man kaɗe ɓata aikin yake. A ɗora shi kwance, ba tsinin ba.

In duk ya ƙi, kada a tafi gida shiru. A tambayi mai biya wace hanya aka tanada bayan yatsa, a sa ya rubuta sunan, a kai magana wurin mai gari da kwamitin koke-koke tun masu biyan ba su tashi ba. Haka ma ranar da rezo ya ɗauke ko caji ya ƙare: a ji ranar da za su dawo.

Abin da ya fi damuna shi ne "sake sawa, bai shiga ba". Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa na farkon ya shiga, na biyun kuɗi ne ya sake fita zuwa aljihun wani. Yatsa sa hannu ne. In wuta ta nuna an karɓa, sai kuɗi a tafi, a ƙirga a gaban teburi, a amshi takardar shaida. Wanda ya zo ƙofar gida da na'ura yana cewa rajistar taimako ce, ba tare da sanin mai gari ko magajin gari ba, kada a miƙa masa hannu. Lambar sirri in ta fita ana sake wata, yatsa kuwa ba shi da madadi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma kowa na da ikon tambayar wa zai ajiye zanen yatsansa, da abin da za a yi da shi.

Tsohuwar nan, na riƙo hannunta muka koma. Na ce, "Ɗana, gwada mata na hagu, wanda ke kusa da ɗan ƙaramin." Ta goga shi a goshi ta ɗora. Wuta ta yi kore. Ta ƙirga kuɗinta sau biyu, sannan ta turo mini jikarta in auna mata damtse.