Mece ce “mu'alaja”? Saifon dai ba ita ba ce

Tun da aka sanar da ɓarkewar kwalara a Sudan a watan Agustan 2024, kalmar “mu'alaja” ba ta sauka daga bakin masu magana a rediyo da 'yan kwamitin unguwa ba. Kowa ya tashi sai ya ce ruwan wuri kaza an yi masa mu'alaja, wato da Larabci an tace shi an tsabtace. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake liƙa wa saifon, wato tankin siminti da rijiyar da ƙazantar gida ke zuba a ciki, wannan suna, har mai gida ya riƙa bugun ƙirji wai shi ƙazantar gidansa tatacciya ce.

Mu'alajar ruwan ƙazanta hawa-hawa ce. Da farko a bar shi ya kwanta, dagwalo ya sauka ƙasa. Sannan ƙwayoyin bakteriya su cinye abin da ya narke a ciki. Daga ƙarshe a kashe ƙwayoyin cuta, ko da kulorin ko da hasken rana. Tankin simintin da ke bayan gidanku hawa na farko kawai yake yi. Leƙa ɗakinsa na ƙarshe ka gani: ruwa ruwan toka, maiƙo na yawo a sama, wani lokacin ma ya yi ɗan garau. Wannan garau ɗin ne ke yaudarar mutane. Daga nan bututu ya kai shi rijiyar saifon, wadda a ƙasar nan aka saba haƙa ta har sai an taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, don kada ta cika. Wato da kuɗinmu muke buɗe wa najasa hanya zuwa ruwan da rijiyar maƙwabci ke ja, wanda mai karo zai ɗebo ya juye a randarmu gobe. Tafasawa na kashe ƙwayar kwalara, amma ba ta cire sinadarin naitiret da najasa ke bari a ruwa, kulorin ma haka, kuma jarirai ya fi illatawa.

Idan rijiyar saifon ta cika duk da haka, mai tanka ya zuƙe ya je ya zubar a kwari bayan gari. Ruwan damina ya kwashe zuwa kogi. Garin Mai Wurno, alal misali, yana sama da madatsar Sinnar ta kan kogin Blue Nile da aka kammala a 1925, kuma daga madatsar ake ba magudanan Jazira ruwa. Sauran ya gangara Wad Madani har Khartum. Abin da muka zubar shi ke zama takin ciyawar da ke toshe magudanan, inda katantanwar tsargiya ke samun mafaka, yara kuwa a nan suke wanka.

Ƙaramin gari ba ya buƙatar injuna. Tafkuna a jere, irin tsarin da aka gina a Soba da ke kudancin Khartum, sun dace da zafinmu: na farko mai zurfi don dagwalo, na gaba marasa zurfi inda gansakuka ke ba bakteriya iskar shaƙa, rana kuma ta gama da ƙwayoyin cuta cikin makonni. Fili ake so, da shinge, da mutumin da ake biya ya riƙa yashewa. Ko wannan ruwan ma na ban-ruwan itatuwa ne da harawa, ba na randa ba. Saboda haka in jami'i ya ce an yi mu'alaja, a tambaye shi hawa na nawa, kuma ina ruwan ya nufa bayan nan.