Madatsar Bakolori: abin da ta koya wa masu tsara manyan ayyuka

Me ya sa ake yawan kawo misalin Bakolori?

Domin an zuba dukiya mai yawa a aikin, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aka kammala a 1978, lokacin Zamfara na cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Manufar ita ce noman rani a dubban kadada.

Ina aka samu tangarɗa?

Injiniyoyi sun auna ruwa, sun auna ƙasa, amma gonakin nan da masu su. An hana manoma shuka ana baje filaye ana haƙa magudanai, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka da dama.

Akwai kuma waɗanda ba a ma sa su cikin lissafi ba, wato mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar. Shinkafarsu ta dogara ne da cikowar kogi da damina. Da aka tare ruwan, fadama ta daina jiƙa kamar da, da yawa suka koma shuka gero da dawa, masunta ma kamu ya ragu. A ganina wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi, don su ba a karɓe musu gona ba, ruwa kawai aka karɓe musu.

Shi noman ranin ya ɗore?

Wani sashe kawai. Na'urorin feshin ruwa suna bukatar lantarki da kayan gyara, da suka lalace sai aka bar su, magudanai kuma suka cika da laka da ciyawa. Sai da shirin TRIMING na inganta noman rani, mai tallafin Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo aka shiga gyara, tare da ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna yashe magudanai.

Gwamnatin da za ta yi titi ko kasuwa fa, me ya shafe ta?

A biya diyya kafin katafila ta shiga gona. Sannan tun wajen rubuta kasafi a faɗi wanda zai riƙa yashe kwalbati bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa, da inda kuɗinsa zai fito.