Me ya sa dokar shiga taro ba ta karɓar gwajin garkuwar jiki na gaggawa?

A aikin Hajjin 2022, da Saudiyya ta sake buɗe ƙofa ga maniyyatan ƙasashen waje bayan annobar korona, sharuɗɗanta a fili suke: shekaru ƙasa da 65, cikakken rigakafi, da sakamakon gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar kanta, da aka yi cikin awa 72 kafin tashi. Babu gwajin garkuwar jiki a ciki, duk da arharsa da saurinsa. Da dalili.

Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba. Sawun da ta bari a jini yake nema, wato sinadaran garkuwa da jiki ke ƙerawa don yaƙarta. Ana huda yatsa, a ɗiga jini a ramin ɗan faifan roba, a bi shi da ɗigo biyu ko uku na ruwan da ya zo a kwalin, a jira kamar minti 15. Layin C shi ke nuna faifan ya yi aiki. In bai fito ba, a jefar a sake. Layukan IgM da IgG, wato nau'i biyu na sinadaran garkuwar, su ne amsar.

Matsalar tana ga lokaci. Jiki kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin sinadaran su taru. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta fitar a 2020 ya nuna cewa a makon farko na alamun korona, kusan kashi 30 cikin ɗari kawai irin waɗannan gwaje-gwaje ke kamawa. Sai a mako na uku suke haura kashi 90. Ga shi kuma makon farkon ne mutum ya fi yaɗa cutar. Wanda ya fi haɗari a cikin sahu, shi faifan ke wankewa. Shi ya sa a watan Afrilun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da shi wajen gano mai cutar, ta kuma ƙi amincewa da “fasfon garkuwa”, wato takardar shaidar cewa mutum ya samu kariya daga cutar.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen, wanda lissafi ya fi bayyanawa. A ƙaddara mutum 10,000 a ƙofar fili, 100 daga cikinsu sun taɓa kamuwa. Faifan da ke kama kashi 90, yana kuma yi wa kashi 2 na masu lafiya ƙage, zai nuna 90 na gaskiya da 198 na ƙarya. Su 90 ɗin ma, galibinsu sun riga sun warke. Rigakafi ma kan tayar da layin.

A filin taro abin ya fi muni. Yawancin faifan ana so a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30, zafin Makka kuwa yakan wuce 40. Jini ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko ma'aikaci ya karanta bayan lokacin da takardar kwalin ta ƙayyade, sai wani dishi-dishin layi ya ɓullo a ɗauke shi a matsayin amsa. Amurka ma ta ƙone hannu: hukumarta ta kula da abinci da magunguna, FDA, ta bar irin waɗannan faifai sun cika kasuwa ba tantancewa, sai a watan Mayun 2020 ta dawo ta wajabta neman izini.

To me doka ke nema? Ko dai gwajin da ke ganin ƙwayar cutar kanta, ko shaidar rigakafi. Maniyyaci dole ya yi allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu aƙalla kwana 10 kafin isa. Katin zazzaɓin shawara ma sai bayan kwana 10 yake fara aiki, kuma tun 2016 ba ya ƙarewa. Ga mai tasowa daga Najeriya, ana ƙara masa da rigakafin shan inna.

Inda gwajin garkuwa ke da amfani shi ne bayan an watse, idan masu bincike suna son auna yadda cuta ta ratsa jama'a.