Ma'anar "Laudato Si'", daga Asisi zuwa bakin tafkin kuza

Wata Lahadi a cocinmu da ke gefen Bukuru, bayan an idar da Misa, Baba Katikis ya miƙe karanta sanarwa. Ya ce ranar Asabar akwai dashen itatuwa "saboda Laudato Si'", kowa ya zo da fartanya da bokiti. Wata dattijuwa 'yar Zumuntar Mata da ke zaune gefena ta taɓo ni, ta rage murya: "Malam, shi wannan Laudaton, sabon Fada ne aka kawo mana?" Na danne dariya na ce, "A'a Mama, wasiƙa ce." Ta dube ni sheƙeƙe. "To wace irin wasiƙa ce ake zuwa mata da fartanya?"

Tambayar tata ta fi amsata, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kalmomin biyu tsohon Italiyanci ne, irin na yankin Umbiriya, ma'anarsu "yabo ya tabbata gare ka". An ɗauko su daga waƙar yabon da Waliyi Faransis na Asisi ya yi dab da ƙarshen rayuwarsa, shi da ya rasu a 1226. A cikinta yana yabon Ubangiji saboda halittunsa, yana kiran rana ɗan'uwa, wata 'yar'uwa, ruwa 'yar'uwa, wuta ɗan'uwa, ƙasa kuwa ya haɗa mata biyu, 'yar'uwa kuma uwa. Fafaroma Francis, wanda dama sunan wannan waliyin ya ara da aka zaɓe shi a 2013, ya buɗe wata doguwar wasiƙa da waɗannan kalmomi. Al'adar Fadar Batikan ce kalmomin farko su zama sunan takarda. An sa mata hannu ranar 24 ga Mayu 2015, aka fitar da ita ranar 18 ga Yuni, babi shida, sakin layi 246, kuma a ƙarƙashin sunan an rubuta abin da ta ƙunsa: kula da gidanmu na tarayya, wato duniya.

Irin wannan wasiƙa ana ce mata insikilika, asalin kalmar daga Girkanci, ma'ana takardar da ke zagayawa. Ba Littafi Mai Tsarki ba ce, kuma ba kowace jimla a cikinta ce aƙidar da in ka ƙi ta ka bar Ikilisiya ba. Koyarwa ce mai nauyi daga shugaban Ikilisiya, wadda ake sa ran ɗan Katolika ya karɓa da girmamawa ya auna rayuwarsa da ita. Galibi ga bishop-bishop da masu bi ake aika irinta. Wannan kuwa marubucinta ya ce yana magana ne da duk wani mai rai a doron ƙasa. Har ma, abin da maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba su sani ba, ya kafa hujja a wani wuri da maganar wani sufi Musulmi, Ali al-Khawas, kan yadda mai buɗaɗɗiyar zuciya ke jin asirin Allah a motsin iska da kukan tsuntsu da ƙarar ƙofa.

Babin farko ne ya tayar da ƙura, don a nan Fafaroma ya shiga gonar masana kimiyya. Ya ce akwai ƙaƙƙarfan ittifaƙi tsakanin masana cewa duniya na ɗumama, kuma yawancin ɗumamar shekarun baya-bayan nan daga ayyukan ɗan Adam take, musamman ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas. Wasu suka ce ina ruwan limami da ma'aunin zafi? Jeb Bush, ɗan Katolika da ke neman takarar shugabancin Amurka a lokacin, ya ce shi ba ya karɓar manufar tattalin arziki daga bishop ko Fafaroma. Amma wanda ya karanta takardar da kansa zai ga inda ta ja wa kanta layi: ta faɗa ƙarara cewa Ikilisiya ba ta da'awar yanke hukunci a tambayoyin kimiyya, ba ta kuma neman maye gurbin siyasa. Awo na masu awo ne. Abin da limami ke tambaya shi ne, bayan an gama awon, wa ya ci riba, wa aka bari da hayaƙi?

Wannan rabon aiki ba a sama aka tsince shi ba, da wuya aka koya. A 1633 kotun Ikilisiya ta hukunta Galileo saboda ya nace cewa duniya ce ke zagaya rana, kuma sai a 1992 Fafaroma John Paul na Biyu ya amsa a bainar jama'a cewa alƙalan sun yi kuskure. Shekara 359 ke nan, ko kunkuru ya isa ya je ya dawo. A gefe guda kuma, Gregor Mendel, da ya gano ƙa'idojin gadon halitta ta hanyar shukar wake a lambun gidan sufaye, limamin Katolika ne. Haka Georges Lemaître ɗan Beljiyam, da ya kawo a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Batikan na da majalisar masana kimiyya da aka sake kafawa a 1936, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a sa shi ciki: Stephen Hawking, da bai yarda da Allah ba, ya zauna a cikinta, haka Ahmed Zewail ɗan Masar mai lambar Nobel. Ranar da aka ƙaddamar da wasiƙar ma, kusa da Kadinal Peter Turkson ɗan Gana, masanin yanayi ne daga Jamus, Hans Joachim Schellnhuber, ya yi bayanin alƙaluma. Shi kansa Francis ya yi karatun aikin ɗakin gwajin sinadarai kafin ya shiga makarantar limanci.

To duk wannan shimfiɗa ce. Zuciyar maganar tana babi na huɗu, a wani ra'ayi da zan kira da Hausa kallon muhalli a dunƙule. Takardar ta ce ba matsaloli biyu ke gabanmu ba, ɗaya ta muhalli ɗaya ta talauci. Matsala guda ce mai fuska biyu, don haka dole a ji kukan ƙasa da kukan talaka a lokaci ɗaya. Ga mutumin wani gari wannan na iya zama falsafa. Mutumin Jos kuwa ya leƙa ta taga kawai.

Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar kuza a Filato. Da Japan ta mamaye Malaya, a Malesiya ta yau, a 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adanar kuzarta, sai ta juyo kanmu, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas, da yawa sanyi da cuta suka kashe su a barikoki. Kuzar ta hau jirgin ƙasa ta tafi, ta zama rufin gwangwani da kayan yaƙi. Daga baya kamfanonin suka yi ta janyewa, har farashin ya karye a kasuwar duniya a 1985. Abin da aka bar mana kowa ya san shi: tafkuna masu zurfi a Rayfield, Bukuru, Bisichi, Barikin Ladi, da tsibin jar ƙasa da ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Ina firamare wani ɗan ajinmu ya tafi wanka ɗaya daga cikinsu ranar Asabar. Ruwan kwance yake lumui, kore shar, bakinsa kamar ba zai wuce gwiwa ba, alhali taku biyu gaba gangara ce a tsaye kamar bango. Sai Litinin aka samo shi. Ba wanda muka ga ya zo daga kamfanin da ya haƙa ramin, don kamfanin ma ya daɗe da naɗe tabarmarsa.

Saboda haka da na kai sakin layi na 51 sai na ajiye takardar na yi shiru. A nan Fafaroma ya kawo koken wasu bishop-bishop na Patagoniya a Ajantina game da manyan kamfanonin waje: in sun gama sun tafi, sukan bar rashin aiki, garuruwan da suka zama kufai, ramuka a buɗe, tsaunuka a tsage, koguna a gurɓace. Mutanen nan ba da Filato suke ba, amma kamar a kan tudun Bisichi suka tsaya suka rubuta. A wannan sakin layin ne kuma aka ambaci bashin muhalli, wato cewa ƙasashen da suka yi arziki da albarkatun wasu da hayaƙin masana'antunsu akwai bashi a wuyansu, aka kuma kira sunan Afirka a matsayin inda zafin ya fi yin ɓarna ga noma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai dai kallon a dunƙule ba ya barin mutum ya tsaya a zagin Bature. Yau samarinmu ne ke shiga ramin loto, wato ramin haƙar kuza da hannu, da igiya da tocila, ramin kan rufta da su, kuma in ka ce su bari za su tambaye ka me za su ci. Tafkin da ya ci abokina, shi ne da rani manoma ke jefa wa tiyo suna ban ruwan kabeji da karas da tumatir da ake lodi zuwa Abuja. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinaren da ake daka wa a tsakar gida ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyayen nan ba mugunta ta sa su ba, zinaren ya fi gero kawo kuɗi. Wanda ya zo da maganar tsabtace ƙasa bai zo da maganar abinci ba, zai yi wa'azi ya tafi, a ci gaba da daka. Wanda kuma ya zo da maganar aikin yi ya manta da ƙasar, jikokinsa za su gaji wani sabon rami. Ko rikicin manoma da makiyaya da ya hana mu barci a Filato, ba zan ce ƙarancin ciyawa da ruwa ne kaɗai sanadinsa ba, amma wanda ya cire su daga lissafi ya yaudari kansa.

Akwai kuma gyaran fassara da takardar ta yi wa Kiristoci su kansu. An daɗe ana zargin cewa ayar Farawa 1:28, inda aka ce wa mutum ya mallaki duniya, ita ta ba Turawan Yamma lasisin wawushe ta. Wani masanin tarihi, Lynn White, ya yi wannan zargi a 1967 kuma ya yi tasiri. Fafaroma bai musa cewa an yi wa ayar mummunar fahimta ba. Ya ce a haɗa ta da Farawa 2:15, inda aka sa mutum a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Mai gona Allah ne, mu masu riƙon amana ne. Duk Musulmin da na faɗa wa haka, kafin in rufe baki ya ce ai wannan ita ce maganar halifanci.

Kada kuma a ɗauka takardar ta faranta wa 'yan rajin muhalli gaba ɗaya. Ta ƙi yarda cewa yawan haihuwa a ƙasashe matalauta ne tushen matsalar, ta ce ɗora laifin a kansa hanya ce ta kauce wa maganar almubazzarancin masu hali. A nan ni kaina ina da 'yar ja, don wanda ya ga yadda gidaje suka cinye gonakin da ke kewaye da Jos cikin shekara talatin ba zai ce yawan jama'a ba ya cikin lissafi ba. Ta ce ba a haɗa kare halitta da halatta zubar da ciki. Ta yi shakkar cinikin takardun izinin fitar da hayaƙi, tana ganin zai iya zama wata sabuwar caca. A kan irin shuka da aka sauya wa ƙwayar halitta, wanda ake ta muhawara a kansa a Najeriya, musamman tun da aka amince da waken da tsutsa ba ta ci a 2019, ba ta haramta ba, ba ta kuma sa albarka ba. Ta ce babu tabbatacciyar hujjar cewa yana cutar da mai ci, amma a duba ko ƙaramin manomi zai wayi gari ba shi da iko da irinsa da gonarsa. Babban abin da take tsoro shi ne tunanin nan na cewa duk abin da na'ura ta iya yi, ya halatta a yi shi.

Wata shida bayan fitarta aka ƙulla yarjejeniyar yanayi ta Paris, a Disamba 2015. Da Francis ya ga tafiyar hawainiya ake yi, ya sake fitar da wata gajeriyar takarda mai zafi ranar 4 ga Oktoba 2023. Ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025. Sunan kuwa ya riga ya tsere daga takardar: yanzu akwai makon Laudato Si' a watan Mayu, da lokacin addu'a domin halitta daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, ranar idin Waliyi Faransis. Abin da ke ɗan damuna shi ne yadda a bakinmu kalmar ta ƙanƙance ta koma dashen itace da ɗaukar hoto a sa a Facebook. Dashe abu ne mai kyau, amma takardar da ta yi maganar bashi da ramuka da haƙƙin talaka ga ruwan sha ta fi ƙarfin bokiti.

Ranar Asabar ɗin dai na je. Mama ta riga ni, da zanin Zumunta da 'yar fartanyarta. Aka ba ta dashen mangwaro a baƙar leda, ta sari ƙasa sau uku, fartanyar ta yi tsalle, don filin bayan cocin tsohon juji ne na wankin kuza, tsakuwa zalla. Ta miƙe ta kama ƙugu ta ce, "Malam, gaya wa Baba Katikis a fara kawo taki da baƙar ƙasa. Nan ko Laudaton ne ya zo da kansa ba abin da zai tsiro."