Sabis ya cika, amma bidiyo ya ƙi buɗewa: ina gizo ke saƙa?

Tambaya: Sabis a cike yake a wayata, amma da an idar da isha'i sai komai ya dinga jan ƙafa. Me ke kawo haka?

Amsa: Cikar sabis tana nuna cewa wayarka na jin ƙarfen sabis da kyau ne kawai. Yawan datar da ƙarfen ke iya fitarwa a daƙiƙa guda kuwa yana da iyaka, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa da shi ake rabon. Kamar famfon unguwa ne, idan kowa ya kunna lokaci guda, ruwan kowa sai ya zama tsiyaya.

Tambaya: To me zai hana kamfani ya sa kayan da za su ishi kowa?

Amsa: Tsada. Injiniyoyi suna duba sa'ar da aka fi cunkoso a yini, su auna kayan aiki da ita, bisa lissafin cewa ba kowa ne zai hau a tare ba. Da za a tanadar wa kowa cikakken rabonsa, da kayan miliyoyi sun kwana ba aiki tun daga tsakar dare har hantsi, kuma a kuɗin katinka za a fanshe. Shi ya sa ake fifita kiran murya a kan sauke fim, shi ya sa kuma ake karya farashin datar dare. Wannan garaɓasar ba don Allah ba ce, janye mutane ake yi zuwa lokacin da layi ba kowa.

Tambaya: Ina kuɗin ke tafiya ne?

Amsa: Tun daga zangon da saƙo ke bi a iska, wanda hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ke sayarwa. A gwanjon Disambar 2021, kamfanonin MTN da Mafab kowannensu ya biya dala miliyan 273.6 don zangon 5G, ba a kafa ko eriya ɗaya ba tukuna. Sai janareta da man dizal, tunda wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, ga mai gadi, ga wayar fayba, mai ɗaukar data ta ƙarƙashin ƙasa, da masu aikin titi ke yawan tsinkewa. Ita ma fayba sai an biya jiha kuɗin haƙa, abin da aka daɗe ana ja-in-ja a kai kafin a tsaya kan naira 145 kowace mita. Kayan da dala ake sayo su, ciniki kuma da naira, hujjar da kamfanoni suka kafa ke nan har NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Tambaya: Akwai dabarar rage wannan nauyi?

Amsa: Babbar ita ce tarayya. A 2014 MTN ya sayar wa IHS dubban ƙarafansa, Airtel kuma ya sayar wa American Tower nasa (duka biyun kamfanonin ba da hayar ƙarfen sabis ne), MTN da Airtel suka koma 'yan haya. Yanzu ƙarfe guda kan ɗauki eriyar kamfani biyu ko uku, janareta ɗaya na ba su wuta.

Tambaya: Yaushe 5G zai iso ƙauye?

Amsa: Ba nan kusa ba, kuma a ganina ba shi ƙauye ya fi buƙata ba. Zangon 3.5GHz da 5G ke bi yana ɗaukar data mai yawa amma ba ya nisa, bango ma yana rage masa ƙarfi, don haka sai inda jama'a suka cunkushe yake biyan kuɗinsa. Ƙananan zango irin 800MHz su ne ke nisa sosai da ƙarfe ɗaya. Ƙauyen da ya samu 4G a kansu, da sola maimakon dizal, ya samu abin da zai yi masa aiki.