Kunnen zomo ba mariƙi ba ne

A Sakkwato da wuya mai sayar da zomo ya miƙo maka shi ba ta kunne ba, yara ma haka suka tashi suka gani. Wai don ɗauka aka yi masa dogon kunne. Ba haka ba ne.

Kunnen guringuntsi ne mai taushi, cike da jijiyoyin jini. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta nan yake fitar da zafin jiki, balle a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40. In ka rataya nauyinsa a kunne, zafi yake ji, sai ya kama harbin iska. Ƙashinsa ba ƙwari, ƙafafun bayan kuwa ƙarfi gare su, harbi ɗaya na iya karya masa ƙashin baya ya shanye.

Tsuguna kusa da shi, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗayan ya tallafe ƙugu da ƙafafun baya, ka manna shi a jikinka. Ƙaramin yaro ya zauna kan tabarma a ɗora masa a cinya. Kada a kwantar da shi rigingine, shirun da yake yi tsoro ne ya sandarar da shi.