Hausawi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunan Dangin da Ya Samo Asali a Hanyar Makka

Ranar 14 ga Yunin 2018, da Saudiyya ta kara da Rasha a wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Mosko, 'yan bayanta biyu na tsakiya sunan danginsu ɗaya ne: kyaftin Usama Hausawi da Umar Hausawi. Akwai na uku a benci, Mu'utaz Hausawi. An zura musu biyar ba ko ɗaya, saboda haka ba rana ce da masu tsaron baya za su so a tuna ba. Amma tun daga lokacin tambaya ɗaya ke ta dawowa a majalisun 'yan ƙwallo: waɗannan namu ne? Ga abin da ke cikin sunan.

Mece ce ma'anar Hausawi?

Bahaushe, ko wanda ya fito daga ƙasar Hausa. Ginin kalmar na Larabci ne, abin da malaman nahawu ke kira nisba, wato a liƙa wasalin "i" a ƙarshen sunan gari ko ƙabila ko kaka don a jingina mutum gare shi. Ɗalibin Islamiyya ya san wannan ko bai san sunansa ba: Bukhari mutumin Bukhara ne, Tirmizi mutumin Tirmiz, Makki na Makka. In kalmar ta ƙare da wasali, sau da yawa Larabawa kan cusa "w" a tsakani don baki ya sami sauƙi. Ta haka garin Ɗanɗa na Masar ya ba da Ɗanɗawi, Borno ta ba da Barnawi, Kano ta ba da Kanawi, Hausa kuma ta ba da Hausawi.

Kamar da sunan ya yi da "Hausawa" arashi ne kawai. "Wa" ɗinmu na jam'i ne, "wi" ɗinsu na jingina mutum ɗaya ne. A fasfo da jaridu za ka ga an rubuta Hawsawi, ko Hosawi, ko Housawi, da "Al" a gaba ko babu. Duk suna ɗaya ne.

To me ya sa ba a jin sunan a Kano ko Damagaram?

Saboda ba shi da amfani a nan. A garin da kowa Bahaushe ne, kiran mutum Bahaushe bai bambanta shi da kowa ba. Mu da uba muke jingina mutum, ko da garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Gumi. Sai mutum ya yi nisa da gida, ya shiga cikin waɗanda ba su san Gumi ko Shagari ba, sannan ƙabilarsa gaba ɗaya take zama alamarsa. Hausawi suna ne da maƙwabta suka raɗa wa baƙo, shi kuma ya amsa.

Malamanmu da ke rubutu da Larabci ma sun fi jingina kansu ga gari. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafin nan na Katsina da ya yi aikin hajji ya rasu a Alƙahira a 1741, sunan Katsina ya ɗauka.

Yaya aka yi Hausawa suka je Hijaz, yankin Makka da Madina, har suka zauna?

Da ƙafa, da jaki, da raƙumi, daga baya da akori-kura. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai daga Kano a shekarun 1950, talaka mai niyyar sauke farali gabas yake nufa: ya ratsa Borno, ya shiga Wadai ta Abeche, ya faɗa Darfur ta Junaina da Fashir, ya bi Kurdufan zuwa bakin kogin Nilu, daga nan ya gangara Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba tafiyar wata ɗaya ko biyu ba ce. Guzuri ya ƙare, sai a ya da zango a nemi na gaba. A yi noman damina ɗaya, a yi ga-ruwa, a yi wanzanci ko ɗinki, mai allo ya tara yara ya koyar. Da Turawa suka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, alhazan hanya suka zama cikin manyan masu tsinkar audugar. Akwai wanda ya bar gida da amarya, ya isa Makka da 'ya'ya masu tasowa. Akwai kuma da yawa da ba su ƙarasa ba, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau.

Wanda ya sha wannan wahala ya isa, ba kullum yake ɗokin juyawa ba. Wani ba shi da kuɗin komawa. Wani kuwa da ma niyyarsa ke nan, ya zama maƙwabcin Ɗakin Allah ko na Manzo, ya yi karatu a Harami, in ajali ya zo a rufe shi a maƙabartar Mu'alla ta Makka ko Baƙi'a ta Madina. Larabawa na kiran wannan zama mujawara, kuma abin girmamawa ne tun da daɗewa.

Sai kuma babban dalili na biyu, zuwan Turawa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a masu yawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yulin wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar zuwa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu daga cikin masu hijirar ba su tsaya nan ba, suka ƙetare teku. Ga irin waɗannan, komawa gida na nufin komawa ƙarƙashin Nasara, abin da suka gudo dominsa.

Nisbar ta zama sunan dangi ne bayan Sarki Abdul'aziz ya kama Hijaz a 1924 zuwa 1925, aka kafa masarautar Saudiyya a 1932, hukuma ta fara rubuta mutane. Takardun ƙasar suna huɗu suke nema: naka, na uba, na kaka, da na dangi. Balaraben Najadu, wato tsakiyar Saudiyya, ya cike gurbin ƙarshe da sunan ƙabilarsa, Utaibi ko Ƙahɗani. Jikan alhaji ya cike da abin da unguwa ta saba kiran gidansu.

Ke nan duk masu sunan 'yan'uwan juna ne?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Utaibi biyu suna da'awar kaka ɗaya ko da mai nisa ne. Hausawi biyu kuwa, kakan ɗaya yana iya zama Bakatsine da ya iso zamanin Turkawa, kakan ɗayan Bagobiri da ya iso bayan yaƙin duniya na biyu, ba su taɓa jin labarin juna ba. 'Yan ƙwallon nan uku ma an sha ɗaukarsu wa da ƙanne a gidajen kallo, alhali suna ne ya haɗa su.

Ba kuma lalle ne kowane Hausawi ya zama Bahaushe na jini ba. Hausa ce harshen ayarin, ita ake yi a zango da kasuwa. Banufe ko Bagwari ko Buzu da ya shekara biyar a cikin ayari ya isa Jidda yana Hausa, magatakarda ba zai tsaya bin salsala ba.

Mene ne bambancinsa da Fallata da Barnawi da Takaruni?

Barnawi ɗan Borno ne. Fallata kalmar Barebari ce ta kiran Fulani, ta bi hanyar alhazai ta shiga Larabci. A Sudan takan haɗe duk mutanen yammacin Afirka a rumfa ɗaya, amma a Saudiyya sunan dangi ne mai zaman kansa, kuma Shaikh Umar Fallata, malamin hadisin da ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Annabi ya rasu a 1999, ya isa misali. Akwai Zabarmawi, akwai Tambakti daga Tumbuktu, sunan da masu kallon gasar 2022 suka ji a jikin Hasan Tambakti ranar da Saudiyya ta doke Ajantina.

Takaruni ya fi su tsufa duka. Takrur masarauta ce ta bakin kogin Senegal da ta musulunta tun ƙarni na 11, sai Larabawan gabas suka shimfiɗa sunanta a kan duk ƙasashen baƙar fata Musulmi na yamma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma da ya rubuta tarihin jihadi, "ƙasashen Takrur" ya sa a sunan littafinsa Infaƙul Maisuri. Daga nan muka samo "takari". A Hijaz ta yau dai kalmar ta yi tsami, in aka jefi mutum da ita galibi ba yabo ake nufi ba.

Kada kuma a ɗauka 'yan Afirka kaɗai ke da irin waɗannan sunaye. Makka cike take da Bukhari da Turkistani da Dagistani da Sindi, da Falimban daga Palembang ta Indunisiya, da Faɗani daga kudancin Tailan, da Shanƙiɗi daga Muritaniya. Jerin sunayen ɗaliban aji ɗaya a makarantar Makka kusan taswirar hanyoyin hajji ne.

Gaskiya ne jikokin bayi ne?

Bauta ta wanzu a Hijaz, ba a soke ta a hukumance ba sai 1962, kuma akwai alhazan da aka sace ko aka yaudara aka sayar a hanya, musamman yara. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma a al'adar Larabawa, bawan da aka 'yanta sau da yawa ga gidan ubangijinsa ko ƙabilarsa ake jingina shi. Wanda ya riƙe sunan ƙasarsu kuwa, alama ce ta ya zo da iyalinsa da harshensa, ya zauna cikin jama'arsa. A ganina, jingina duk mai sunan Hausawi ga bauta lalaci ne na mai kallon fata ya yanke hukunci.

Wannan bai hana a yi musu gori ba. Akwai masu kiran duk mutumin Hijaz mai asalin waje "ragowar alhazai", ko ma "abin da teku ta amayar", kuma a maganar aure gidajen ƙabilu da yawa har yanzu sai sun tona asali. Nawal Hausawi, 'yar Makka da ta yi karatun tuƙin jirgin sama da na sasanta ma'aurata a Amurka, ta yi suna ne bayan wata mata ta kira ta "baiwa" a wajen wani taro a 2013. Ta kai ƙara, ta yi nasara, sannan ta yafe.

A ina aka fi samun sunan, kuma yaya yawansa?

A yammacin Saudiyya: Makka, Madina, Jidda da Ɗa'ifa. Aikin gwamnati da soja da kamfanoni ya watsa shi zuwa Riyad da yankin gabas. Alhajin da ya taɓa zuwa Shara Mansur ko Hindawiyya ko Misfala neman tuwo ya ratsa tsofaffin unguwanninsu, ko da yake rusau na faɗaɗa gari ya ci da yawa daga irin waɗannan wurare, a Makka da kuma Jidda inda aka share unguwanni masu yawa a 2021 da 2022.

Sananne ne ƙwarai, irin wanda ba Basa'uden da zai ji ya ce bai taɓa ji ba. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Alƙaluman da shafukan ƙidayar sunaye ke bazawa a intanet kintace ne, ga shi kuma rubutun sunan da boko ya rabu kashi-kashi, kowane ana ƙirga shi daban. Sannan uku cikin 'yan wasa 23 na tawagar 2018 ba ma'aunin ƙasa ba ne. Ƙwallo da waƙa na cikin ƙofofin da suka fi saurin buɗewa ga baƙar fata a can. Usama ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 130, har ya ɗan taɓa Anderlecht ta Beljiyam a 2012. Itab, mawaƙiyar da ta yi tashe a ƙasashen Larabawa ta rasu a Alƙahira a 2007, Hausawi ce a cikakken sunanta. Malamai da likitoci da injiniyoyi masu sunan suna nan, kyamara ce ba ta bin su.

Hasawi fa, shi ma namu ne?

A'a. Wannan na Ahsa ne, yankin dabino na gabashin Saudiyya, kuma harafin farkonsa "ha" mai kauri ne na Hasan, ba na Haruna ba. Boko ne ya haɗe su. Fawaz Hasawi, attajirin Kuwait da ya mallaki ƙungiyar Nottingham Forest daga 2012 zuwa 2017, ba ruwansa da Hausa.

Suna jin Hausa?

Tsofaffi da yawa suna ji, wasu ma tsohuwar Hausa ce mai kalmomin da muka daina amfani da su, gauraye da Larabcin Hijaz. Jikoki kuwa Larabawa ne a baki da tufafi da tunani, wani gaisuwa kawai ya riƙe, wani ko ita babu. Abinci ya fi harshe taurin rai. Je wata unguwa a Makka bayan la'asar ka ga mai nama ya yanka shi fale-fale, ya barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ya jera a kan garwashi, ya naɗe maka a takarda da albasa. "Sireh" suke ce masa, kuma Larabawa na layi a kansa. Tsire ne. A Sudan shi ake kira agashe. Goro ma da sunansa ya tafi, "guru" suke cewa.

Su ne 'yan takarin da ake kamowa ana dawowa da su?

Ba su ba ne, kuma haɗa su wuri ɗaya na ɓata musu rai. Bahausawin da kakansa ya shiga rajista ɗan ƙasa ne cikakke, da katin shaida da fasfo, yana aikin soja da na gwamnati. Sai rukuni na biyu, waɗanda su ma a can aka haife su, wani har ubansa a can aka haife shi, amma kakan bai yi rajista ba, ko don jahilci ko don yana ganin zai koma gida baɗi. Tunda ta wajen uba ake gadon zama ɗan ƙasa a Saudiyya, waɗannan da iƙama suke zaune, wasu ma ba su da ita. Na uku su ne na bayan nan, masu shiga da bizar umara su maƙale, 'yan Kano-Jidda da masu aikatau. Lokacin babban kamen baƙin haure na 2013, rukuni na uku aka nufa, amma ya haɗa da wasu na biyu, aka sauke su a filin jirgin Malam Aminu Kano da Larabci a bakinsu, suna tambayar sunan ƙauyen da kakansu ya baro.